Yadda ake shirin hawan Dutsen Kilimanjaro tun daga gida har saukowa

Kilimanjaro yana arewacin Tanzaniya ne, dab da iyakar Kenya, tsayinsa mita 5,895 kuma duk Afirka babu dutsen da ya kamo shi. Abin da ya sa jama'a ke tururuwa can shi ne ba a buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta musamman, da ƙafarka za ka taka tun daga ƙofar shiga har ƙololuwar da ake kira Uhuru. To wannan ɗin ne kuma ke yaudarar mutane, sai ka ga ƙato majiyi ƙarfi wanda ke buga ƙwallo kullum ya juyo daga rabin hanya yana amai, wata dattijuwa kuma ta wuce shi a hankali ta kai. Iska ce matsalar, ba ƙarfi ba. A can sama numfashi ɗaya bai fi rabin oksijin ɗin da kake shaƙa a gida yake ba ka ba, mu kuma mutanen ƙasa-ƙasa ne, Kano ko mita 500 ba ta kai ba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya ma, wato Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, ko rabin Kilimanjaro bai kai ba. Don haka shirin gaba ɗaya a kan abu biyu yake, ka ba jikinka isassun kwanaki ya saba, sannan ka kare shi daga sanyi.

Kafin ka biya kowa ko sisi, asibiti za ka fara zuwa. Ka yi gwajin rukunin jini na sikila idan ba ka taɓa yi ba, wannan gwajin dai da ake sa masu shirin aure su yi. Mai SS wannan tafiyar ba tasa ba ce, a bar maganar kawai. Mai AS kuma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau har ma ya manta yana da shi, ya sani cewa ƙarancin iska a wuri mai tsayi na iya toshe jinin da ke zuwa saifa, ciwo mai tsanani ya taso masa a gefen ciki na hagu ƙarƙashin haƙarƙari, kuma hakan na faruwa ga masu AS a duwatsun da ba su kai wannan tsawo ba. Mu nan masu AS suna da yawa ƙwarai, littattafan jagora da Turawa ke rubutawa kuwa ba kasafai suke tsayawa a kan wannan ba don ba damuwarsu ba ce. Ka zauna da likita ka faɗa masa tsayin da za ka hau da lamba, kar ka ce masa kawai za ka je yawon buɗe ido. Haka mai hawan jini, mai asma, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, kowa ya ji ta bakin likitansa tukuna.

A wannan zaman ne kuma za ka tambaye shi maganin da ake kira Diamox, wanda ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi da wuri. Yawanci miligiram 125 ake sha safe da yamma, amma likita ne zai rubuta maka, musamman in jikinka ba ya shiri da magunguna dangin salfa. Yana sa yawan fitsari, yana sa yatsu su riƙa tsikari, lemon kwalba ma sai ka ji ɗanɗanonsa ya canza, shi ya sa ake so ka gwada shi kwana ɗaya ko biyu a gida don ka san yadda yake maka, kar sai kana tsakiyar dutse ka kasa gane ko magani ne ko ciwo.

Mataki na biyu, zaɓen lokaci da hanya. Watannin da aka fi hawa su ne Janairu zuwa farkon Maris, sai kuma ƙarshen Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce sosai a can, Nuwamba ma ana ɗan taɓa ruwa. Ka duba kalandar Musulunci tun yanzu kar tafiyar ta faɗo cikin azumi, domin a kan dutsen nan lita uku zuwa huɗu na ruwa ake so ka sha kullum, ko da matafiyi yana da rangwame gara dai ka kauce wa watan baki ɗaya.

Hanyoyin hawa suna da dama amma huɗu aka fi sani. Marangu ita ce mai ɗakunan kwana maimakon tanti, ana yin ta a kwana biyar ko shida, kuma saboda ta fi araha sababbin zuwa suna rububinta, ni dai ban ba ka shawarar ta kwana biyar ba ko kaɗan don hawan ya yi sauri da yawa. Machame kwana shida ko bakwai ce, Lemosho tana farawa daga yamma kwana bakwai ko takwas, Rongai kuma daga arewa take tasowa ta ɓangaren Kenya inda ruwan sama bai cika yawa ba. In ka tambaye ni, Machame ta kwana bakwai ko Lemosho ta kwana takwas. Dalili kuwa, a kan waɗannan biyun akwai ranar da za ku hau har wani wuri da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, ku ci abincin rana a can, sannan ku gangaro ku kwana a sansanin Barranco wanda bai kai mita 4,000 ba. Wannan hawa sama a kwana ƙasa shi ne ke koya wa jini aiki. In kuɗinka sun taƙaita har sai ka zaɓa tsakanin jaket mai tsada da ƙarin kwana ɗaya a kan dutse, ka sayi kwanan, jaket ana haya a garin Moshi da ke gindin dutsen.

Na uku, kamfani. Doka ce a can ba a hawa sai da ɗan jagora mai lasisi, ba wai ka ɗauki jaka ka shige daji kai kaɗai ba. Kamfanin ne zai haɗa maka jagora da mataimakinsa da kuku da 'yan dako, ya biya kuɗin gandun dajin da dutsen ke ciki, ya kawo tanti da abinci. Kuɗin da hukumar gandun daji ke karɓa kaɗai, wato na shiga kullum da na kwana da na ceto haɗe da haraji, yana tasam ma dala 1,000 a tafiyar kwana bakwai, to ka ga duk wanda ya yi maka farashin da bai fi wannan da wani abin kirki ba ka san daga wani wuri zai cire, ko daga abincinku ko daga haƙƙin 'yan dako. Araha ba ta ado. Akwai wata ƙungiya mai suna KPAP da ke sa ido kan yadda ake biyan 'yan dako da ciyar da su da nauyin kayan da ake ɗora musu, suna da jerin kamfanonin da suke aiki tare, ka fara dubawa daga nan. Sannan ka yi wa kamfanin tambayoyi a rubuce: suna ɗaukar tukunyar oksijin ta gaggawa, suna auna iskar jinin mutum safe da dare da wannan 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, jagora nawa ne ga mutum nawa a daren ƙarshe, wato daren hawa ƙololuwa, in mutum ya kasa wa zai sauko da shi. Wanda ya fara kwana-kwana a amsa ka bar shi. Kuma kar ka tura kuɗi duka a karon farko, kafin alƙalami ya isa.

Na huɗu takardu, nan ne 'yan Najeriya ke yawan makara. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun daga gida an tura takardunsa an amince, kuma abin yana ɗaukar makonni, don haka ka nema da wata biyu ko fiye a hannu, kar ka sayi tikitin da ba a canza masa rana kafin biza ta fito. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga wanda ya taso daga ƙasashenmu, ana yin allurar a ofishin lafiya na filayen jirgi kuma sai ta kwana goma take fara aiki a takarda. Inshorar tafiya kuma ka karanta ta da kyau, da yawansu ba sa biyan abin da ya faru sama da wani tsayi, kai wadda ta rubuta har mita 6,000 da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu kake nema. Filin jirgin da za ka sauka sunansa Kilimanjaro, tsakanin Moshi da Arusha yake, mafi yawan masu tasowa daga nan ta Addis Ababa ko Nairobi suke bi. Ka isa da kwana biyu kafin ranar hawa, don ka huta kuma don in jaka ta maƙale a hanya ta samu ta iso ka. Takalminka dai a ƙafarka zai shiga jirgi, komai ana iya haya amma ban da takalmin da ya saba da ƙafarka.

Na biyar motsa jiki, wata uku zuwa huɗu kafin tafiya. Ba gudu ake nema ba, juriyar tafiya ake nema, awa biyar, shida, bakwai, yau da gobe da jibi ba hutu. Ka fara da tafiyar awa ɗaya bayan asuba sau uku ko huɗu a sati, bayan sati biyu ka goya jaka ka sa mata robobin ruwa har ta kai kilo biyar zuwa bakwai, ranar Asabar kuma ka yi doguwa, kana ƙara mata awa ɗaya duk bayan sati biyu har ka kai awa shida. A wata na ƙarshe ka haɗa Asabar da Lahadi a jere, don abin da ake so ka koya shi ne tashi da gajiyar jiya ka sake ɗaura takalmi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, to dole ka nemi tudu da gangan. Na Kano ga Dala ga Goron Dutse, ka hau ka sauko ka sake hawa har mutanen unguwa su fara tambaya ko lafiya. Na Zariya ga Kufena, na Jos kuwa sun more, duwatsun Shere sun haura mita 1,800. Wanda ba shi da ko ɗaya ya nemi bene mai hawa huɗu ko matakalar filin wasa. In wurin na bayan gari ne ka tambayi halin tsaro tukuna kuma kar ka je kai kaɗai. Saukowa ma ka ba ta haƙƙinta don ita ce ke cin gwiwa. Sati ɗaya kafin tafiya ka sassauta, ka yi barci sosai.

Duk wannan atisayen da takalmin da za ka hau dutsen za ka yi shi. But mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba sawa saboda safa mai kauri kuma ƙafa tana kumbura, in ya matse yatsu a gangare farce zai yi baƙi ya fita.

Na shida kaya. A kwana bakwai za ka ratsa daji mai ruwa da laka, ka fito fili mai ciyawa, ka shiga wani busasshen wuri mai duwatsu da ƙura, ka ƙare a ƙanƙara, to kaya hawa-hawa ake sawa yadda za ka cire ko ka ƙara. Na jikin fata kar ya zama auduga, singileti da shadda da wandon jins duk a bar su a otal, domin auduga in ta sha gumi ba ta bushewa sai ta koma tana jawo maka sanyi. Ka nemi 'yar ciki mai dogon hannu irin yadin rigar 'yan ƙwallo ko ta ulu, sama da ƙasa, a kanta suwaita mai laushi, a kanta babbar jaket mai cike da gashin tsuntsu ko makamancinsa, sannan rigar ruwa da wandonta wadda iska ba ta ratsawa. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri. Hular sanyi mai rufe kunne, da hular rana, da ƙyallen rufe wuya da hanci. Safar ƙafa mai kauri ƙafa huɗu ko biyar, ka ware guda ɗaya busasshiya ka ɓoye ta sai daren ƙarshe. Tabarau mai kare hasken rana dole ne, man kare fata daga rana ma haka, kar ka ce ai mu baƙaƙe ne, ranar can sama tana ƙona hanci da leɓe har su saɓule. Man kaɗanya ko basilin na leɓe da dunduniya. Yawancin waɗannan in ka shiga 'yan gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano, ka yi haƙurin tonawa za ka samu masu kyau da sauƙi, ka dai duba zif da ɗinki. Jakar barci wadda aka rubuta tana jure sanyin digiri 10 ƙasa da sifili ko fiye, da sandunan tafiya guda biyu, waɗannan ka yi hayarsu a Moshi. Kar ka auna sanyin can da hunturun gida ko na Jos, a daren ƙarshe ruwan da ke cikin gorarka daskarewa yake yi.

Sauran tarkace: tocilan goshi da ƙarin batir, fawa bank don babu wuta a sansani, filasta saboda bororo, maganin ciwon kai, na gudawa, gishirin ORS, tishu mai laima. Gorar ruwa mai ƙwari wadda ake sake cikawa, don ba a barin robar ruwan sayarwa ta shiga gandun, leda ma Tanzaniya ta hana ta tun 2019, kar ka cika jaka da baƙar leda. Jaka biyu za ka yi, babba wadda ɗan dako zai ɗauka kar ta wuce kilo 15, ana aunawa a ƙofa, da ƙarama ta bayanka mai ruwa da rigar ruwa da abin taɓawa. Dabino da gyaɗa da aya da ƙuli-ƙuli sun fi duk wani cakulan amfani, don can sama sha'awar abinci guduwa take yi, abin da bakinka ya sani shi kaɗai zai shiga.

Maganar ibada ka tsara ta tun a ƙasa. Ka gaya wa kamfani abincin halal kake so, Musulmi suna da yawa a Tanzaniya ba baƙon abu ba ne a wurinsu, da wuya ma ka rasa mai sallah a cikin 'yan dakon. Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ba yadda muka saba, ka duba da kamfas ɗin waya. Safe da yamma ana kawo maka ruwan ɗumi a 'yar roba a bakin tanti, da shi za ka yi dabarar alwala, ka kuma riƙe ƙaramar gora ta daban a madadin buta. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama da shafa a kan huffi ka zauna da malaminka ka bita kafin ka tashi, don a sansanin Barafu can saman dutse da asuba ba lokacin neman fatawa ba ne. Mata kuma, hijabi mai kauri yana zama a ƙarƙashin hular sanyi lafiya lau, kuma ana iya roƙon kamfani ya haɗa da jagora mace ko ya ɗauko bandakin tanti na ku kaɗai, ana ƙara kuɗi kaɗan amma ya cancanta.

To an shiga dutse. Tun daga ƙofar Machame, wajen mita 1,800, jagora zai sa ku tafiyar hawainiya har ka ji haushi, za ka ji suna ta cewa pole pole, wato a hankali a hankali da Swahili, ka bi shi haka, kar ka wuce gabansa ko da kana jin ƙarfi, ƙarfin da ka ɓarnatar ranar farko ranar shida za ka neme shi. Ma'aunin shi ne in ba ka iya hira kana tafiya to ka yi sauri. Sha ruwa ko ba ƙishi, ka duba fitsarinka, in ya yi ja ruwa bai isa ba. Ci abinci ko ba ka so. Da an isa sansani ka cire jiƙaƙƙun kaya nan take kafin rana ta faɗi, waya da batir kuma cikin jakar barci za su kwana tare da kai in ba haka ba sanyi ya zuƙe cajin. Washegarin Barranco akwai wani bango da za ku hau har da dafawa da hannu, daga nesa yana da ban tsoro amma in ka sa ƙafa inda jagora ya sa ba komai, ka dai naɗe sandunanka ka sa a jaka.

Ɗan ciwon kai da rashin barci da tashin zuciya kusan kowa yana ji, ka faɗa wa jagora kawai ya san da shi. Wanda ba a wasa da shi: ciwon kan da magani bai taɓa shi ba, amai ba tsayawa, tangaɗi kamar mai maye, magana ba kan gado, haki alhali kana zaune, tari mai kumfa. Waɗannan alamun ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, suna kisa cikin awanni, maganinsu kuma saukowa ne nan take ko da tsakar dare ne. Matsalarmu mu da kunya da kuma tunanin kuɗin da aka kashe da abin da za a ce a gida, sai mutum ya ɓoye. Kar ka ɓoye, kuma in jagora ya ce ka juya kar ka tsaya ciniki da shi.

Sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa shi ne Barafu, mita 4,673. Za a ba ku abinci da wuri a ce ku kwanta, wajen sha ɗaya na dare a tashe ku da shayi da biskit, sha biyu a kama hanya. Ka sa kayanka duka tun kafin ka kwanta, sabon batir a tocila, a cika maka gora da ruwan zafi ka zura ta cikin safa ka kifa ta kai ƙasa a jaka don daga sama ruwa ke fara daskarewa, dabino kuma a aljihun ƙirji inda za ka ciro ba sai ka cire safar hannu ba. Awa shida zuwa bakwai za ku yi kuna hawa cikin duhu a kan tsakuwa mai zamewa, ba abin da kake gani sai dunduniyar na gabanka da jerin fitilu can sama, kar ka riƙa ɗaga kai kana kallonsu don suna karya zuciya. Hutu minti biyar ne, kar ka zauna ka rufe ido. Daidai fitowar rana ake kaiwa wani wuri da ake kira Stella Point, mita 5,756, daga nan kusan awa ɗaya ce a gefen babban ramin da ke saman dutsen zuwa allon Uhuru. Can ba a daɗewa, minti goma sha biyar a yi hoto a juyo.

Saukowar ranar doguwa ce, ka koma Barafu ka ɗan kwanta ka ci abinci, sannan ku ci gaba da gangarawa har sansanin Mweka wajen mita 3,100, a nan ne sanduna za su ceci gwiwarka, ka ƙara musu tsawo ka ɗaure igiyar takalmi tamau kar yatsu su riƙa dukan gaba. Washegari a ƙofar Mweka ake sa hannu a littafi a ba ka takardar shaida. Kuɗin sallamar ma'aikata al'ada ce mai ƙarfi a can kuma ba ya cikin abin da ka biya kamfani, yawanci kowane mai hawa yana ware dala 200 zuwa 300, ka tambayi kamfanin adadin ma'aikatan tun kafin ku tashi, ka zo da sababbin takardun dala don ba sa karɓar tsofaffi ko ka canza zuwa shilin a Moshi, kuma a faɗi rabon kowa a gaban kowa don ya isa hannun 'yan dako. Jirgin komowa kar ka sa shi ranar da ka sauko, ka bar kwana ɗaya a Moshi, in kuma zazzaɓi ya kama ka bayan ka dawo ka je a gwada maleriya don ƙasan dutsen akwai sauro.